Kada Mu Yi Cinikin Biri A Sama: Jawabi Kan Saye Da Sayar Da Tsofaffin Goge



 

Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kai yau shi ne cinikin tsofaffin kayan kiɗa, musamman goge da kukuma, waɗanda ba a san asalinsu ba. Wani zai ce, to ina ruwanmu da goge, mu da noma da kasuwa suka kawo? Da ruwanmu, jama'a. Zungeru ita ce hedkwatar Arewa daga 1902 zuwa 1916, kafin Turawa su koma Kaduna. Sunan garin nan kaɗai jari ne ga mai son yin ƙarya. Da zarar an ce kaya daga Zungeru ya fito, tun zamanin Gwamna Lugga, sai farashi ya tashi, ko da kuwa bara aka sassaƙa shi.

Bari mu fara da gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, don a can ne kuɗin suka fi yawa, ƙaryar ma haka. A garin Kiremona ta ƙasar Italiya an yi wani gwanin masassaƙi, Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737. An ƙiyasta ya ƙera kayan kiɗa sama da 1,000, kimanin 650 ne suka rage. A 2011 an sayar da guda ɗaya da ya yi a 1721 a kan fam miliyan 9.8 na Ingila. Kun ji fa, goge ɗaya tak!

To amma ga inda gizo ke saƙa. A ƙarni na 19 masana'antu a Jamus da Faransa sun riƙa ƙera dubban goge masu araha, suna manna takarda a cikinsu mai ɗauke da sunan wannan mutum. Shi ya sa takardar ba hujja ba ce. Masana sai sun duba irin sassaƙar, su bi sunayen waɗanda suka mallake shi hannu zuwa hannu, su kuma ƙirga layukan shekaru da ke jikin katakon. In ya tabbata itacen yana tsaye a daji bayan 1737, magana ta ƙare. Duk da haka an cuci manya. A 2012 kotu a Biyana ta ƙasar Ostiriya ta ɗaure wani babban dillali, Dietmar Machold, shekara 6 saboda zamba. Har banki ya karɓi gogensa jingina a kan na Stradivari ne, ashe ba haka ba ne. In an yi wa banki haka, ina ga mu? Don haka in wani ya kawo mana gogen Bature ya ce na wani joji ne na zamanin Lugga, mu tambaye shi shaida.

Mu dawo gida. Gogenmu ƙwarya ce da fatar guza da izgar doki. Babu sunan maƙeri a jikinsa. Fata kan yage a sake, izga kan tsinke a sake. To me ya rage da za a kira tsoho? Hannun da ya riƙe shi. In an tabbatar kukuma ko goge ya fito daga hannun irin su Ibrahim Na Habu ko Garba Supa, ya zama kayan tarihi. In babu wannan shaida, ƙwarya ce kawai. Ashe asali ake saye, kuma asali shi ne abin da ya fi sauƙin ƙirƙira.

'Yan'uwanmu Hausawa sun daɗe cikin cinikin kayan gargajiya, daga Legas har Abijan, da yawa kuma da gaskiya suka ci abincinsu. Amma kowa ya san akwai masu rataya sabon kaya a hayaƙi, ko su binne shi a ƙasa kwana biyu, ya fito kamar na kakanni. Wannan algus ne, malamanmu ga su nan, sun san hukuncinsa. Ɓoye aibin kaya haram ne, ko Bature ne mai sayen.

Bayan algus akwai doka. Dokar soja ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta ce kayan sana'ar hannu na ƙasar nan da aka yi kafin 1918 kayan tarihi ne. Haka ma wanda yake da muhimmanci kuma aka yi amfani da shi a bikin al'ada. Irin wannan ba a sayar da shi sai ga hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ba a kuma fitar da shi waje sai da takardarta. Hukumar tana da gidan tarihi a Minna, ba nisa.

Abin da ya fi damunmu kuwa shi ne kayan sata. Zaune muke tare da Gwari da Nufawa, suna da tamburansu da kayan al'adunsu da suke girmamawa. A ce an sace wani abu a fada ko a wurin al'ada, a same shi a shagon Bahaushe. Ba za a ce wane ya saya ba, cewa za a yi Hausawa ne. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Zaman lafiyar da iyayenmu suka gina shekara da shekaru, ciniki ɗaya na dare ya isa ya ɓata shi. Kuma kayan sata ba ya tsufa: na Binin da Turawan Ingila suka kwashe a 1897, sai a 2022 Jamus ta fara maido da waɗanda ke hannunta.

Saboda haka ga shawararmu. Duk wanda aka kawo wa tsohon goge, ko wani tsohon kaya, ya tambaya: na wa ne, a ina ya samo, ta yaya ya shigo hannunsa, wa zai tsaya masa? In mai kaya ya fara kame-kame, ko ya ce sai dai da dare, a bar shi da abinsa. In an daidaita, a rubuta, a sa shaidu biyu, a sanar da Sarkin Hausawa. Mai sayar da sabo ya ce sabo ne, aikin hannu mai kyau ba ya rasa kasuwa.

Masu gado kuma, in akwai gogen kaka a rataye a ɗaka, kada a yi gaggawar rabuwa da shi don 'yan kuɗi kaɗan. Yaranmu 'yan makaranta su zauna da dattawa tun suna raye, su rubuta wa ya ƙera shi, wa ya kaɗa shi, a wane gari. Su ɗauki hoto da murya a waya. Ranar da tsohon da ya sani ya rasu, rabin darajar kayan ta bi shi kabari.

Allah ya ba mu halal ya tsare mu daga haram, ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu.