WA YA CANCANCI SULKE? JITA-JITAR SINIMA DA HUKUNCIN ƳAN KALLO

(Wani tsohon malamin lakwal ne ya gabatar da wannan jawabi a Bonkuku, gaban ƴan kasuwa, ma'aikata da samarin gari. Mun kawo muku shi kamar yadda ya faɗa, in ban da ɗan abin da muka rage saboda ƙarancin fili.)

Ina gaida dattawa, ina gaida alhazan kasuwa, da ƴan'uwana ma'aikata, da samarin da suka tsaya can baya don su samu hanyar zamewa in magana ta yi tsawo.

Na san akwai mai cewa a ransa: hatsi na tsada, hanya ba ta biyuwa da kwanciyar hankali, shi kuwa Mushe ya tara mu a kan sinima. Ku yi mini haƙuri kaɗan. Maganar tawa daga sararin samaniya za ta faro, amma a ƙofar gidanmu za ta sauka.

A cikin shekarar 2025, wani dare na fito na tarar da samarin fadar da ke kusa da gidana suna gardama har shayi ya ƙone bisa gawayi. Na ɗauka siyasa ce ko ƙwallo. Ashe wani labari ne ya faɗo cikin salular ɗayansu, wai wani ɗan wasa mai suna Damson Idris, haifaffen Landan amma iyayensa ƴan Najeriya, shi za a bai wa matsayin sarki T'Challa a fim ɗin Black Panther na gaba. Rabin fada na cewa cin amanar mamaci ne, domin Chadwick Boseman, wanda ya fito a sarkin a 2018, ya rasu cikin watan Agusta 2020, kuma kamfanin Marvel ya sanar a ƙarshen wannan shekara cewa ba zai sa wani a madadinsa ba. Ɗaya rabin na cewa gadon sarauta ba ya zama wofi don sarki ya mutu. Na tambaye su wa ya ba da labarin. Kamfanin ne? Shiru. Sai ɗaya ya ce: "Baba, ai kowa na faɗi."

To, ku ƴan kasuwa kun fi ni sanin wannan "kowa". Shi ne wanda ke zuwa lambu lokacin haƙar dankalin turawa ya ce farashi ya karye a Yamai, alhali motar mai saye na tsaye bakin hanya tana jira. Jita-jitar sinima ma haja ce. Masu shafukan intanet ana biyan su ne gwargwadon yawan idon da ya leƙa shafin, kuma babu abin da ke tara ido kamar a ce wane za a ɗauka, wane za a kora. Shi kuwa kamfani, ko daga cikinsa zancen ya ɓullo ko daga waje, riba tasa ce: ana maganar kayansa shekara biyu kafin ya kasa su, bai biya ko dala ba. Abin da ke ƙara wa jita-jitar ƙarfi shi ne wani lokaci takan zama gaskiya. A watan Nuwamba 2024, Denzel Washington ya yi suɓul da baka a wata hira, ya ce ana rubuta masa matsayi a Black Panther na uku, daga baya mai shirya fim ɗin, Ryan Coogler, ya tabbatar. Gaskiya guda irin wannan ta isa ta saya wa ƙarya goma mutunci.

Bari in ba ku labarin da ya fi kowane nuna inda abin ke kaiwa. Fina-finan Star Wars, na yaƙe-yaƙe tsakanin taurari, George Lucas ne ya fara su a 1977, kuma wani sashe na farkonsu a hamadar Tunisiya aka ɗauke shi. A watan Oktoba 2012 ya sayar da kamfaninsa ga Disney a kan dalar Amurka miliyar 4 da ƴan kai. Sabon mai kaya ya ce zai ci gaba da labarin. Daga ranar aka shiga ƙila-wa-ƙala: tsofaffin ƴan wasa za su dawo ko ba za su dawo ba, wane matashi aka gani yana shiga ofishin wa. A ƙarshen 2013 aka yi kiran gwaji ga kowa, dubban matasa suka yi layi cikin sanyi a biranen Ingila da Amurka. Sai ranar 29 ga Afrilu 2014 aka fid da sunaye. Cikinsu har da John Boyega, yaro ɗan shekara 22, baƙar fata, wanda ya tashi a unguwar Peckham a Landan, shi ma iyayensa daga Najeriya.

A ƙarshen Nuwamba 2014 aka saki ɗan tallan fim ɗin, wanda bai kai minti biyu ba. Fuskar farko da ta bayyana ita ce ta Boyega, yana haki cikin rairayi, sanye da farin sulken sojojin daula. Nan take wuta ta kama. Wasu suka ce ba a taɓa ganin baƙi cikin wannan sulke ba, don haka an ɓata musu tarihi. Da fim ɗin ya kusa fitowa, a Oktoba 2015, har kiran ƙaurace masa aka yi. Hujjar da masu wayon cikinsu suka kawo ita ce wai sojojin nan duka kwafin mutum guda ne da aka ƙera a ɗakin bincike, kamar yadda fim ɗin 2002 ya nuna. Sun manta, ko sun yi kamar sun manta, cewa wanda ya fito a wannan mutum guda, Temuera Morrison, ɗan ƙabilar Mawori ne na ƙasar Niyu Zilan. Sun manta cewa muryar Darth Vader, wadda suka tashi suna kwaikwayo tun suna yara, ta baƙar fata ce, James Earl Jones. Mutanen da suka amince da jirgi mai gudu fiye da haske, da takobin wuta, da dodo mai gashi yana tuƙin jirgi, sai ga shi launin fatar soja guda ya gagare su haɗiyewa.

Fim ɗin ya fito a Disamba 2015, ya tara fiye da dala miliyar 2. Masu ƙauracewa ba su hana komai ba, kuma wannan ya nuna cewa ƴan kaɗan ne masu babbar murya. Amma kada mu yi saurin tafi. A takardar tallan da aka kai ƙasar Sin, an ƙanƙanta hoton Boyega. A fina-finai biyu da suka biyo baya, matsayinsa ya yi ta ja da baya, har a 2020 shi da kansa ya fito ya yi ƙorafi cewa an yi talla da shi sannan aka ture shi gefe. Wata yarinya, Kelly Marie Tran, wadda iyayenta suka yi gudun hijira daga Biyetnam, ta samu babban matsayi a fim ɗin 2017. Zagin da ta sha a kan asalinta da siffarta ya sa ta goge duk hotunanta na Instagram a watan Yuni 2018. A fim ɗin 2019, duka-duka minti ɗaya da ƴan daƙiƙoƙi aka gan ta. Kafin su akwai Ahmed Best, wanda ya yi wani halitta mai ban dariya a fim ɗin 1999. Bayan kusan shekara 20 ya bayyana cewa tsangwamar da ya sha ta kusa sa shi ya kashe kansa. Ku lura da kyau: wanda ya rubuta labarin yana nan, wanda ya zuba kuɗi ya kwashi ribarsa, dutsen kuwa a kan ɗan ƙwadago yake faɗuwa, don shi ne mai fuska.

Ba na cewa ɗan kallo ba shi da haƙƙi. Wanda ya shekara 30 yana biyan kuɗin shiga, ya raini ƴaƴansa da labarin, yana da ta cewa, kamar yadda mai sayen goro na kullum ke da ikon ce wa mai faifai na yau bai yi ba. Samarin fadarmu da suka ce a bar gadon Boseman, juyayi ne ya sa su, kuma juyayi ba abin kunya ba ne. Masu cewa a naɗa wani su ma suna da hujja mai nauyi: yara baƙaƙe ba su da jarumai da yawa a wannan fage, bai kamata a binne jarumin tare da ɗan wasan ba. Wannan gardama ce ta masu hankali, in dai an jira labari ya tabbata. Inda na raba gari da ɗan kallo shi ne ranar da ya bar tambayar "ya iya?" ya koma "ɗan wa ne?".

Mu da muka ga babban taron ƙasa na 1991 da zaɓen 1993 mun san wannan tambaya. Duk lokacin da za a kafa gwamnati, sunayen ministoci kan yi yawo a ofisoshi da tasha tun mako guda kafin rediyo ta faɗa, kuma da wuya ka ji an tambayi abin da mutum ya karanta kafin a tambayi jiharsa. Ma'aikatan da ke nan, kun san mutum nawa jita-jita ta naɗa, ta kuma tuɓe, ba tare da sun taɓa ganin kujerar ba. Na bar wannan nan.

Yanzu mu dawo gida, domin abin da ake yi wa waɗancan da salula, mu mun yi shi da baki tun ba a san salula ba. Nijar na cikin ƙasashen farko da suka yi sinima a Afirka ta Yamma. Umaru Ganda ya fara ne a fim ɗin Jean Rouch na 1958, wanda aka ɗauka cikin ƴan ci-ranin Nijar a Abijan, inda ya laƙaba wa kansa sunan wani ɗan wasan Amurka, Edward G. Robinson. A 1966 Mustafa Alasan ya yi fim a kan saurayin da ya dawo daga tafiya da akwatin tufafin kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi gari. Wato samarinmu sun daɗe suna sa sulken wasu, ba wanda ya ce musu launinsu bai dace ba. A wannan fim ne wata budurwa, Zalika Sule, ta fara fitowa, tana da shekara 19.

Zalika ta yi wasa a Cabascabo, ta yi a Le Wazzou polygame, fim ɗin Ganda da ya ci babbar kyautar farko ta bikin FESPACO a Wagadugu a 1972. Ƙasa ta yi alfahari da kyautar. Ita kuwa matsayin da aka yi ta ba ta na mace mai zaman kanta ne, ko na kishiya mai mugun nufi, kuma jama'a suka ƙi raba wasa da mai wasa. Abin da ta yi a farin ƙyalle, shi aka riƙa yi mata hukunci da shi a unguwa. Da Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, sinimar ƙasar ta shiga ja da baya. Lokacin da Rahmatu Keita ta ɗauki tarihinta a fim ɗin da ya fito a 2004, an ga matar da ta wakilci Nijar a bukukuwan duniya tana zaune a Yamai cikin gidan da ba famfo, daga bisani ta tafi ƙasar waje aikatau. Ta rasu a watan Yuli 2021, Allah ya jiƙanta. Ina tambayar samarin baya: cikinku wa ya taɓa jin sunanta kafin yau? Ga shi kun san sunan unguwar da Boyega ya tashi.

A Kano ma, inda fina-finan bidiyon Hausa suka faro da Turmin Danya a 1990, labarin bai sake ba ƙwarai. A Oktoba 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon wani mawaƙi. Ko mutum ya goyi bayan hukuncin ko bai goya ba, ya dai san wuyan wa igiya ta fi saurin samu.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu mu na Imanan kai tsaye. A Black Panther na 2018, tufafin ƙabilar fatake, da shuninsu da azurfarsu, daga suturar Abzinawa aka ɗauko su. Mai tsara kayan, Ruth Carter, ba ta ɓoye ba, kuma ta ci kyautar Oscar da aikin a 2019. Rawanin da kuke gani kowace ranar kasuwa ya shiga fim ɗin da ya tara fiye da dala miliyar 1. A daren da shayi ya ƙone ban ji wanda ya ta da wannan zance ba. Muna rigima a kan wa zai hau gadon Wakanda, ƙasar da ba ta kan taswira, alhali ba mu da ƙuri'a a zaɓen, domin mai zuba kuɗi shi ke naɗi. Alhazai, a Kano ƴan kasuwar kaset ne suka ɗauki nauyin fim shekara da shekaru, su ne kuma suke cewa wane zai fito. Kuɗin buhun dankali nawa ne zai ishi yaran garin nan su ɗauki labarin Dallol Boso ko na mayaƙan Kurfai da kyamara guda? Ku kuka iya lissafi, ku lissafa.

Roƙona na yau ƙarami ne. Cikin ma'aikata akwai masu zuwa Yamai ƙarshen wata. A biya ta cibiyar al'adu mai sunan Umaru Ganda, a nemo mana hanyar samun Le Wazzou polygame. Da Zabarmanci aka yi shi, kusan kowa a nan zai ji. Mai gidan kallo na bakin tasha ya riga ya ce zai ba da dare guda, ni kuma zan sayi man injin.

Nan zan dakata. Na ga hannu biyu a sama tun ɗazu. Alhaji, bisimilla, kai ne babba.