Makomar Suleja Tana Hannun Mazaunanta



Tarihi ya nuna cewa garin nan da shawara aka kafa shi. Bayan da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya a zamanin jihadi, ɗan'uwansa Abu Ja ne ya zaɓi wannan wuri a shekarar 1828, ya sa aka ja masa ganuwa, garin ya ɗauki sunansa, Abuja. A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya. Masarautar nan ta ba da ƙasa mai yawa, ta ba da sunan, garin kuma ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Wancan hukunci a zamanin soja aka yanke shi, ba a kai shi akwatin zaɓe ba. Yau kuwa tsarin mulkin 1999 ya faɗa a sashe na 14 cewa iko na jama'a ne, kuma wajibi ne a tabbatar suna da hannu a gwamnatinsu.

Tun da aka mayar da gwamnatin tarayya Abuja a watan Disamba na 1991, Suleja ta zama masaukin ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'a waɗanda kuɗin hayar birnin ya fi ƙarfinsu. Kullum da asuba motoci na kwasarsu ta Madalla da Zuba, da dare su dawo da su. Gari ya cika ya batse, gidaje sun hau tuddai, wasu sun gangara har bakin rafi. Ambaliyar watan Yulin 2017, wadda ta ci rayuka ta rushe gidaje, ta nuna mana abin da kan biyo baya idan gini ya riga tsari. Saboda irin wannan ne gwamnatin Jihar Neja ta haɗa gwiwa da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a, domin samar da manufar raya birane da kuma tsarin bunƙasa Minna da Suleja. Sai dai tsari, komai kyansa a takarda, yana buƙatar wanda zai aiwatar da shi da wanda zai sa ido a kansa. Mai aiwatarwa ku ne kuke zaɓensa, masu sa idon kuma ku ne da kanku.

Ya kamata kowa ya san aikin wanda yake jefa wa ƙuri'a. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birane a hannun gwamna, amana ga jama'a, don haka batun fili da takardar mallaka yana komawa ga zaɓen gwamna. Ɗan majalisar dokokin jiha shi ne ke zama a Minna a lokacin da ake yin dokokin gine-gine da amincewa da kasafin kuɗi. Ƙaramar hukuma kuwa, tsarin mulki ya ba ta kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, da gina tituna da magudanan ruwa, da kwashe shara, da sanya wa tituna suna da gidaje lamba. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai ya halatta su jagorance su. Ashe ke nan kujerar kansila, wadda wasu ke rainawa, ita ce mafi kusa da kwatar ƙofar gidanku.

Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, wato INEC, ita ke yin rajistar masu zaɓe, ita ke gudanar da zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna da na majalisu. Zaɓen shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli aikin hukumar zaɓe ta Jihar Neja ne, amma da rajistar nan ɗaya da katin nan ɗaya ake yin su duka. Duk ɗan Najeriya da ya kai shekara 18 yana da haƙƙin yin rajista. Kira na musamman ga wanda ya yi shekaru yana kwana a Suleja alhali katinsa yana nuna wani gari: doka ta ba ka damar neman a mayar da rajistarka inda kake zaune, a lokacin da aka buɗe aikin rajista. Yaranka a nan suke makaranta, ruwan nan kake sha, titin nan kake bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kai ma mai ɗakin ne.

Kafin zaɓe, ku zauna a unguwanninku, ko Magajiya ne ko Kurmin Sarki ko Maje, tare da masu unguwanni da malamai da fastoci da shugabannin mata da na matasa. Ku rubuta buƙatu uku ko huɗu da suka fi damunku, ku miƙa wa kowane ɗan takara ba tare da duba jam'iyyarsa ba. Ku tambaye shi ina ruwan sama zai bi, ina za a zubar da shara, ina filin makaranta da na asibiti a sababbin unguwanni. Wanda ya karɓi kuɗi ya ba da ƙuri'arsa ya aikata laifi a gaban doka, ya kuma rufe bakinsa da kansa, domin ba shi da idon tambayar wanda ya riga ya biya shi.

Bayan zaɓe kada ku naɗe tabarma. Idan an kira taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi ko taswirar gari, ku halarta, mata da masu buƙata ta musamman su samu wurin magana. A birnin Porto Alegre na ƙasar Brazil, tun 1989 mazauna unguwanni suka fara zama suna zaɓen ayyukan da za a kashe wa wani kaso na kuɗin gari, birane da dama a duniya suka yi koyi da su. Idan kuma wakili ya juya muku baya, sashe na 69 da na 110 na tsarin mulki sun tanadi hanyar yi wa ɗan majalisa kiranye.

Mutanen garin nan sun san farashin ƙuri'a. A ranar 8 ga Afrilu, 2011, jajibirin zaɓen 'yan majalisar tarayya, bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na Suleja, aka rasa rayuka, ciki har da matasa masu yi wa ƙasa hidima da suka zo aikin zaɓe. Haƙƙin da suka rasu a kansa bai kamata ya kwana a aljihu ba ranar zaɓe. Ku duba sunayenku idan an kafe rajista, ku karɓi katunanku, ku fita da wuri, ku bi layi cikin natsuwa da mutunta juna.

Allah Ya zaunar da Suleja lafiya, Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana. Wassalamu alaikum.