Makarantar Makafi, Kurame da Guragu: A Fara Neman Malami Kafin a Zuba Bulo

 

Ya 'yan'uwa, abin da ya tara mu yau shi ne maganar gina makaranta domin 'ya'yanmu makafi, kurame, guragu da masu raunin fahimta, waɗanda a yanzu ake kira masu buƙata ta musamman. Kowa a nan ya san inda aka saba ganin waɗannan yara: ƙofar masallaci ranar Juma'a, bakin tasha, da mararrabar titi. Al'ada ta naɗa musu Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, ta tsara musu ranakun fita bara, amma ba ta tanadar musu aji ba. Muna miƙa sadaka muna fatan lada, alhali yaron da ya karɓa zai wayi gari gobe a wurin da muka bar shi.

Magabata ba haka suka yi ba. A kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, farkon Suratu Abasa ya sauka, kuma abin da ya zo nema a ranar ilmi ne. Daga baya ya zama ladani tare da Bilal, aka kuma sha barin sa yana limanci a Madina idan an fita yaƙi. Malaman tarihi sun ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sanya wa makafi 'yan jagora, ya sanya wa guragu masu hidima. A zamaninmu kuwa Shaikh Abdul'aziz bin Baz ya makance tun yana saurayi, ya kuma rasu a 1999 yana babban Muftin Saudiyya. Wani ne ya zaunar da shi ya karantar da shi.

A ƙasar nan mishan sun buɗe makarantar makafi a Gindiri tun 1953. Gwamnati na da irin ta Tudun Maliki a Kano, sai dai makaranta guda ba ta ɗaukar yaran jiha sukutum. Su kuwa yaran ba su ragu ba: annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe fiye da mutum 10,000 a Nijeriya, ta bar da yawa cikin waɗanda suka tashi da kurumta. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba su haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a 2024. Mu duba matakalar makarantunmu mu ga abin da ya sake.

To, ga inda muke so a natsu. Tara kuɗin siminti da kwano abu ne da jama'armu suka gwanance a kai, domin gini ana ganin sa, mai bayarwa yana nuna shi. Albashin malami ba a ganin sa, kuma a nan ne irin wannan makaranta take mutuwa. Makaho yana karatu ne da yatsa, da rubutun ɗigo shida da Bafaranshen nan makaho Louis Braille ya tsara, kuma Alƙur'ani ma an buga shi da wannan rubutu cikin mujalladai masu yawa. Malamin da bai iya shi ba, me zai koyar? Sha'anin kurame ya ma fi wuya. Kuramen ƙasar Hausa suna da nasu harshe, maganar hannu, alhali wanda aka fi amfani da shi a makarantu asalinsa daga Amurka yake, ta hannun Andrew Foster da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Yaro zai zo aji da wani harshe, a tarye shi da wani, ya koma gida inda mahaifiyarsa ba ta san na makarantar ba. Lalle ne a riƙa koyar da iyaye su ma, ko da yini guda ne a mako.

Don haka shawararmu ita ce, tun kafin a haƙa harsashi, a zaɓi samari da 'yan mata a tura su Kwalejin Ilmi ta Musamman da ke Oyo, ko sashen ilmin musamman na Jami'ar Jos ko na Bayero, da sharaɗin su dawo su koyar. A sa kurame da makafin da suka yi karatu a sahun farko na waɗanda za a ɗauka aiki. A kuma keɓe waƙafi, kanti ne ko gona, wanda kuɗinsa albashi kaɗai zai riƙa biya.

Ginin kansa kada a yi shi bene. Gangare a madadin matakala, ƙofa mai faɗin da keken guragu zai shige, kwata a rufe, ban-ɗaki da wurin alwala masu abin dafawa, aji mai haske domin kurma da ido yake ji. Maganar 'yan mata kuwa, babu uban da zai bar 'yarsa kurma ta kwana inda babu mace amintacciya da ke jin maganarta, saboda haka a samo uwar ɗakin kwana da ta iya maganar hannu kafin a ɗauki yarinya ko guda.