Kuɗin Gwamnati Takarda Yake Bi: Jawabi Ga 'Yan Kasuwarmu Na Agege

 



An ɗora mana nauyin yin bayani dangane da tallafi da rancen da gwamnati kan fitar domin ƙananan 'yan kasuwa, da dalilin da ya sa yakan wuce mu. Mu dai ba 'yan boko ba ne, iyakarmu Islamiyya sai makarantar kasuwa. Amma wanda ya haura shekara talatin yana ɗaga huhun goro a Agege, in bai karanta ba ai ya gani.

Jama'a, abin nan ba yau aka fara ba. A 1989, zamanin Janar Babangida, aka kafa Bankin Jama'a, wanda muke kira bankin talaka, domin ba da rance ba tare da jingina ba. A shekarar 2000 aka narkar da shi cikin bankin manoma. A 2001 aka kafa Bankin Masana'antu. A 2018 aka zo da TraderMoni, inda aka riƙa bai wa mai tebur da mai tireda Naira 10,000 ya biya cikin wata shida, in ya biya a ƙara masa. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin yi wa sana'o'i 250,000 rajistar suna kyauta. Kana a 2023, bayan janye tallafin man fetur, aka yi shelar ba da Naira 50,000 kyauta ga masu ƙananan sana'o'i miliyan ɗaya, wato mutum 1,300 a kowace ƙaramar hukuma, aka fara biya a 2024. Agege kuwa tana cikin ƙananan hukumomin nan 774.

To, kowa ya tambayi kansa, cikin duk waɗannan wanne ya shigo aljihunsa? Yawancinmu sai dai labari. Mukan ce ai mu baƙi ne, 'yan gari sun raba abinsu. Ba mu ce ba a son kai a duniya ba. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: sau da yawa ba hana mu aka yi ba, ba mu da abin da ake nema ne.

Cinikinmu a kan amana aka gina shi. Maigida ya san dillalinsa, dillali ya san mai kaya. Ana loda mota cike da goro a tura Kano ko Sakkwato a kan kalma ɗaya, kuɗi ya dawo babu ko kwabon da ya yi ciwon kai. Wannan gado ne mai kyau, Allah Ya bar mana shi. Amma ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta bai san wannan amana ba, bai san ubanka ba, bai san shekara nawa ka yi a rumfa ba. Abin da yake tambaya shi ne lambar ɗan ƙasa ta NIN, lambar banki ta BVN, asusu mai sunanka, da lambar wayar da ta dace da su. Mun ga mutumin da fom ɗinsa ya faɗi don kawai a katin ɗan ƙasa an rubuta Muhammadu, a banki kuma Mamman. Wani kuma da asusun yaronsa yake ciniki, shi kansa ba shi da ko ɗaya. Gyaran suna kan ɗauki lokaci, ga shi ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada wani ya ce rubutu rashin yarda ne. Malamanmu suna zaune, su ne shaida: ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ashe littafin ciniki ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi.

Batun baƙunci kuma. A 2016 Jihar Legas ta kafa asusun samar da aikin yi da ake kira LSETF, mai ba ƙananan 'yan kasuwa rance. Shaidar da yake nema ita ce katin zama a jiha na hukumar LASRRA, wato shaidar cewa a nan kake zaune, ba ta asalin kakanninka ba. Mu da aka yanke wa cibiya a nan, muke biyan haraji da kuɗin rumfa a nan, me zai hana mu yanki katin? Wanda ya ƙi yin rajista, shi ya mai da kansa baƙo.

Sai mu rarrabe abu biyu, domin nan ne mutane ke faɗawa rami. Akwai kyauta, akwai rance. Naira 50,000 ɗin nan kyauta ce, ba a biya. TraderMoni kuwa rance ne, amma mutane da dama suka ɗauke shi rabon ganima, suka ce ai kuɗin gwamnati ne. Subhanallah! Bashi bashi ne, ko na wane ne, kuma wanda ya ci ya toshe wa na bayansa ƙofa. Ga shi yanzu BVN ba ta mantuwa. Duk bankin da ka je, tarihinka ya riga ka isa.

Mun san abin da ke ran dattawanmu, wato kuɗin ruwa. Tsoron nan daidai ne. Yawancin rancen gwamnati, har da na jiha, akwai ruwa a kansa, komai ƙanƙantarsa. Don haka kafin ka sa hannu, a karanta maka takardar kaf, sannan ka kai wa malami. Kuma yau akwai mafita da iyayenmu ba su samu ba. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, dukansu ba sa mu'amala da ruwa. Tsarinsu na murabaha mun san shi tun a makaranta: banki ya sayi kayan, ya sayar maka a kan farashi sananne, ka biya sannu a hankali. Amma su ma fa sai sun ga shige da ficen asusunka. Kun ga, takardar dai muka sake dawowa.

Sannan a yi hattara da 'yan damfara. Duk lokacin da aka yi shelar tallafi, sai ka ga wasu da jaka suna yawo rumfa-rumfa, wai a ba su na fom su sa sunanka. Wasu kuma saƙo ne a WhatsApp. Wanda ya nemi ka biya kafin a ba ka kyauta, ɓarawo ne. Lambar sirri ta katinka, da lambar da banki ke turowa a waya, ko ɗan cikinka kada ka karanta wa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Saboda haka muna gabatar wa wannan taro shawara huɗu. Na ɗaya, a zaɓi yaranmu biyu masu ilimi da amana su zauna a ofishin ƙungiya kowace Asabar, suna duba takardun jama'a kyauta. Na biyu, kowane mai rumfa ya buɗe asusu da sunansa, ya sayi littafi yana rubuta saye da sayarwa, ko da ajami ne. Mai hali ya yi wa sana'arsa rajista a hukumar CAC. Na uku, adashin da muke zubawa a mai da shi ƙungiyar gama kai mai rajista, domin rancen MarketMoni ta hannun ƙungiyoyin kasuwa aka bi da shi, mu kuwa babu sunanmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu, kada a manta da iyayenmu mata masu fura, ƙosai, ɗinki da saƙa a cikin gida. Jarinsu kaɗan ne, Naira 50,000 a hannunsu tana iya tsayar da gida, alhali su ne ba a kai wa labari.

Ba mu ce gwamnati za ta azurta kowa ba. Arziki na Allah ne. Amma abin da yake haƙƙinmu ne, kada sakaci ya sa mu bar shi.

Inda muka yi kuskure a gafarce mu, malamai su gyara. Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya raba mu da bashin da ba za mu iya biya ba, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.