Gwanin Da Aka Yaudara: Rayuwar Abraham Bredius



Da aka ba mu damar yin magana a wannan zama, sai muka zaɓi mu kawo labarin wani mutumin ƙasar Holand mai suna Abraham Bredius, masanin tarihin zane-zane, wanda kuma ya kashe dukiyarsa wajen saye da tara su. Dalilinmu shi ne, yawancinmu nan gaba kaɗan za a riƙa ajiye takarda a gabanmu a ce mu duba mu sa hannu, jama'a kuma su amince da abin domin sunanmu yana kai. Wannan mutum ya yi shekara fiye da hamsin yana gina suna, sa hannu guda ya kusa rushe shi.

An haifi Bredius a birnin Amsitadam a shekarar 1855, a gidan masu arziki waɗanda sana'arsu ita ce yin albarushi. Da farko kiɗan fiyano ya sa a gaba, amma da ya ga ba zai kai inda yake buri ba, sai ya bari. A 1878 ya tafi yawon buɗe ido Italiya, inda ya haɗu da wani masani Bajamushe, Wilhelm Bode, wanda ya ba shi shawarar ya koma gida ya nazarci zane-zanen ƙasarsu. Ya kuwa karɓi shawarar.

A ƙarni na 17 ƙasar Holand ta yi masu zane da yawa ƙwarai, irin su Rembrandt da Vermeer da Frans Hals, amma bayan shekara 200 labarin yawancinsu ya zama jita-jita. Ba a san shekarar haihuwar wasu ba, ana kuma jingina aikin wannan ga wancan. Abin da Bredius ya yi shi ne shiga ɗakunan ajiyar tsofaffin takardu na garuruwa, ya zauna yana kwafe wasiyyoyi, da takardun bashi, da lissafin kayan mamata da ake yi kafin rabon gado. Aiki ne mai ƙura da gajiyar ido, ba shi da tafi. Daga irin waɗannan takardu ne ake gane cewa wane ya rayu a gari kaza, ya mutu da bashi kaza, zane kaza yana rataye a ɗakinsa. Tsakanin 1915 da 1922 ya buga abin da ya tattara a littattafai takwas, cikin harshen Jamusanci.

Daga 1889 zuwa 1909 shi ne shugaban gidan adana zane-zane na Mauritshuis a birnin Heg. A 1896 ya sayo wa gidan, a wani gwanjo a Faris, zanen ɗan ƙaramin tsuntsun nan na Carel Fabritius wanda har yau mutane ke tururuwar gani. Da yake kuɗin da gwamnati ke bayarwa ba su isa ba, sai ya riƙa saye da kuɗin aljihunsa yana ba gidan aro. Cikin waɗannan akwai zanen Rembrandt na Sarki Ɗalutu da Dawuda, wanda ya saya a 1898, da wani na shi Rembrandt ɗin mai nuna wasu baƙar fata biyu, aikin 1661. Da ya mutu, zane 25 ya bar wa gidan a wasiyya, sauran kayansa kuwa suna wani gidan a Heg mai ɗauke da sunansa. A 1922 ya ƙaura zuwa Monako, a 1935 kuma ya fitar da littafin da ya jera zane-zanen Rembrandt sama da 600, kowanne da lambarsa.

To, jama'a, yanzu mun zo kan abin da ya same shi. Vermeer, mutumin garin Delft wanda ya mutu a 1675, bai bar zane da yawa ba. Waɗanda aka tabbatar nasa ne ba su wuce talatin da 'yan kai ba, yawancinsu kuma hotunan mata ne a cikin ɗaki suna harkokin gida. A 1901 Bredius yana cikin waɗanda suka tabbatar da cewa wani babban zane na addini, mai nuna Annabi Isa a gidan Marta da Maryamu kamar yadda labarin ya zo a littafin Kirista, na Vermeer ne. Tun daga nan ya sa rai cewa akwai wasu irinsa a ɓoye, wata rana za su fito.

Akwai wani mai zane ɗan ƙasar, Han van Meegeren, wanda masana suka raina aikinsa, ya kuwa ƙullace su. Ya san abin da suke jira, ya san kuma yadda suke gwaji. Fentin mai yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya ƙame sarai, saboda haka akan goga sinadarin barasa a kan zane, in fentin ya narke an san sabo ne. Sai ya nemo tsohon zane na ƙarni na 17, ya kankare fentinsa ya bar ƙyallen. Ya haɗa launukan da mutanen dā ke amfani da su, ya kwaɓa da wani irin ƙaro na masana'anta wanda ake yin robar Bakelite da shi. Da ya gama zanen ya gasa shi a tanderu har fentin ya yi tauri, ya naɗe ƙyallen don fentin ya tsattsage, ya cusa baƙar tawada a tsagogin ta zama kamar dauɗar shekaru. Abin da ya zana shi ne Annabi Isa yana cin abinci da almajiransa a ƙauyen Imuwasu, wato daidai irin abin da Bredius ke mafarkin gani.

A watan Satumba na 1937 wani lauya ya kai masa zanen a Monako. Lokacin yana da shekara 82. Ya duba, ya sa hannu cewa na Vermeer ne, ya kuma rubuta a mujallar Burlington ta Landan cewa wannan ne ma mafificin aikinsa. Hausawa suka ce so hana ganin laifi. An sayi zanen a kan gilda sama da 500,000, aka kai shi gidan Boijmans na Rotadam, a 1938 jama'a suka yi ta zuwa kallo. Ba wai kowa ne ya ruɗu ba. Wakilin wani babban dillali, Duveen, ya ga zanen a Faris ya aika wa kamfaninsu waya cewa jabu ne. Amma maganar ta tsaya a tsakaninsu, ba ta fito fili ba. Mafi muni kuma, da wannan zane ya karɓu, sai ya zama ma'aunin da ake auna na baya da shi, Van Meegeren ya ci gaba da fito da wasu waɗanda ba su kai shi kyau ba, ana saye.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Mayu na 1945, bayan an kori Jamusawa daga Holand, aka kama Van Meegeren domin an bi sawun wani zanen da ya shiga hannun Hermann Göring, babban na hannun daman Hitila, har aka iso kansa. Laifin sayar wa abokan gaba dukiyar ƙasa babba ne, don haka ya gwammace ya faɗi gaskiya, ya ce shi ya zana. Aka ƙi yarda, sai da ya zana wani a gaban shaidu. Wani kwamiti a ƙarƙashin Paul Coremans, masanin sinadarai ɗan Beljiyam, ya gano ƙaron nan na zamani a cikin fentin. A 1947 aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, ya mutu a ƙarshen shekarar kafin ya fara zaman. Shi kuwa Bredius ya riga shi mutuwa a 1946, bayan asiri ya tonu.

Kada mu yi saurin yi masa dariya. A 1969 wani masani, Horst Gerson, ya sake duba littafinsa na Rembrandt, ya yi shakkar zane-zane da yawa, har da na Ɗalutu da Dawuda. Gidan Mauritshuis ya yi shekara takwas yana binciken wannan zane da na'urori, a 2015 ya bayyana cewa na Rembrandt ne. A nan idon Bredius ne ya yi daidai. Takardun da ya kwafa kuwa har yau ana aiki da su, domin duk mai shakka yana iya komawa ɗakin ajiya ya buɗe asalin ya gwada.

Wannan shi ne abin da muke so mu tafi da shi. Aikin da ya yi wanda wani zai iya bin sawunsa ya duba ya dawwama. Hukuncin da ya dogara ga girman sunansa kawai, a kan abin da zuciyarsa ta daɗe tana so, shi ne ya kunyata shi, waɗanda suka gani suka yi shiru kuma suna da nasu kason laifin. Ranar da za a kawo mana fayil mai ɗauke da labarin da muke so ya zama gaskiya, mu ƙara dubawa, mu rubuta hujjarmu yadda na baya zai iya bincikawa. Ranar da muka ga kuskure a ƙarƙashin sa hannun babba, mu faɗa masa cikin ladabi tun kafin a biya kuɗi.

 Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da karɓarta.