Jawabi A Kan Yawaitar Tsofaffi, Da Abin Da Ya Sami Mutanen Japan

Godiya ta tabbata ga Allah Mai raya bawa har ya kai ga furfura, tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ina so in ba ku labarin wata ƙasa ta gabas mai nisa, sunanta Japan, domin akwai abin lura a cikinsa.

Ku sani, mutanenta Allah ya ba su tsawon rai, haihuwa kuwa ta ƙaranta a cikinsu. A shekarar 1963 da aka ƙidaya waɗanda suka kai shekara 100, mutum 153 aka samu. A 2022 sun haura 90,000. A 2023, cikin kowane mutum 100, kamar 29 sun kai shekara 65, kuma ɗaya cikin 10 ya kai 80.

To, tsawon rai ni'ima ce, amma tana tafe da nauyi. Cutar tsoho ba ta kwana bakwai ba ce, a sha magani a miƙe. Hawan jini ne, da ciwon sukari, da shanyewar ɓarin jiki, da rikicewar hankali har mutum ya mance sunan ɗansa. Mai irin wannan yana bukatar mai juya shi a shimfiɗa, mai yi masa tsarki, mai ba shi abinci a baki, shekara da shekaru. Saboda haka a 2000 hukumarsu ta kafa asusun jinyar tsofaffi, wanda duk ya kai shekara 40 yana zuba kuɗi a ciki. Kuɗi ya samu, masu jinya suka kasa. Daga 2008 suka shiga ɗauko su daga Indunusiya, sa'an nan Filifin da Biyetnam. Duk da haka sai ka ga tsohuwa tana jinyar tsoho, kuma akan sami wanda ya mutu shi kaɗai cikin ɗaki, sai bayan kwanaki maƙwabta su sani. Allah ya kiyashe mu.

Wani zai ce, Malam, ina ruwanmu, mu da yara suka cika gidajenmu? Gaskiya ne, a Nijeriya waɗanda suka kai 65 kamar 3 ne cikin 100. Amma yaran nan masu yawa, wanda Allah ya raya cikinsu, su ne tsofaffi masu yawa nan gaba. Ko yau ma ku dubi ƙauyukanmu, samari sun tafi ci-rani Legas, damina ta faɗi ba su komo ba. Kuɗin da ɗa ya aiko ta waya yana sayen magani, ba ya ɗaga uba ya kai shi bayan gida. Mun karanta haƙƙin iyaye tsofaffi cikin Suratul Isra'i, amma wanda ba shi da ɗa kusa fa?

Abin da nake roƙon jam'iyyarmu shi ne, kowane malami ya rubuta sunayen tsofaffin unguwarsa marasa mai jinya, a sa almajirai biyu manya su riƙa leƙa kowannensu ran Alhamis da Jumma'a, mata kuwa matan unguwa su ɗauki nauyinsu. Wanda ya yarda, ya ba magatakarda sunansa bayan la'asar. Wassalam.