Daga Kano Zuwa Jidda: Jawabi Kan Nisa Da Lokacin Tafiya A Jirgin Sama

A zamanin da, mai niyyar zuwa Makka daga Kano yakan yi sallama da danginsa kamar wanda ba zai komo ba. Yakan bi ta Barno da Wadai da Darfur, ya ƙetare Kogin Nilu, ya isa Sawakin a bakin Bahar Maliya. Waɗansu sukan shekara biyar ko fiye a hanya, suna noma da ƙwadago don neman guzuri, waɗansu ma a can suka zauna. A shekarar 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano, tun daga nan kuwa tafiyar shekaru ta yi ta raguwa har ta koma ta awoyi.

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda, wanda aka buɗe a 1981, akwai kimanin kilomita 3,400, watau mil 2,100, idan aka miƙe sak ta kan Chadi da Sudan. Babban jirgin fasinja yana gudun kilomita 850 a awa ɗaya ko kusa da haka. Bisa wannan lissafi tafiyar awa huɗu ce, amma in an haɗa da tashi da sauka takan kai awa huɗu da rabi.

Sai dai wannan adadi yakan canja. Iska in ta biyo bayan jirgi takan rage masa lokaci, in ta tare gabansa ta ƙara. Akwai kuma zagaye. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen alhazan Nijeriya suka riƙa kewayewa, tafiya ta yi tsawo, mai ya ƙaru.

Abin da ya fi rikita matafiya shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu, lokacin da ake rubutawa a tikiti kuwa na garin da filin yake ne. Jirgin da ya bar Kano da ƙarfe 10 na dare zai sauka Jidda da ƙarfe 4.30 na asuba, alhali a gida ƙarfe 2.30 ne. Wanda ya bar Jidda da ƙarfe 10 na safe zai iso Kano da ƙarfe 12.30 na rana. A takarda zuwa ya zama awa shida da rabi, dawowa biyu da rabi, amma tsawon tafiyar ɗaya ne.

Saboda haka lalle ne matafiyi ya tura agogonsa gaba da awa biyu da zarar ya sauka, domin wanda ya manta yana iya isa filin jirgi ran komowa ya tarar an tashi. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya nemi shawarar likita kan lokutan shan magani, ya kuma riƙe maganinsa a jakar hannu. Tsofaffi su riƙa shan ruwa, suna motsa ƙafafu, gudun daskarewar jini a jijiya. Masu tarya su tabbatar da lokacin sauka kafin su bar gida.

Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi lafiya.